Ba Mayyar Turawa Ce Abin Tsoro a Littattafan 'Ya'yanmu Ba

A Gusau da Ƙauran Namoda da Talata Mafara, duk gidan da ke da 'yan mata 'yan sakandare da waya mai shiga intanet, da wuya a rasa labarin mayu a cikin wayar. Iri biyu ne. Akwai na Turawa, wanda ake turo wa juna ko a tsinta a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Akwai kuma namu na Hausa, wanda marubuta ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko a karanta shi da murya a YouTube. Idan uba ya kama 'yarsa da na farkon, mai hoton yarinya da sanda da doguwar hula a bango, nan take hankalinsa zai tashi, ya ce ana koya mata sihiri. Idan na biyun ne ko kallo bai ishe shi ba, tunda da Hausa aka rubuta, da bisimilla aka fara, kuma a ƙarshe ayar Allah ce ta yi nasara. A ganina an ajiye tsoron inda bai kamata ba. Na biyun ne ya fi buƙatar a zauna a duba shi da idon basira.

Tun da Harry Potter ya fito a 1997 ya buɗe wa irin waɗannan littattafai kasuwa, tsarinsu bai canja sosai ba. Yarinya ce 'yar shekara 15 ko 16, marainiya ko wadda ba ta da ƙawaye, sai ta gano ta gaji wani ƙarfi daga kakarta. A kai ta wata ɓoyayyar makaranta ko ƙungiyar mata, a koya mata dokoki, a nuna mata cewa duk abin da ta yi da ƙarfin nan sai ta biya wani abu a madadinsa, ko lafiyarta ko wani da take so. A ƙarshe ta fuskanci wani babba da ya ƙi biyan nasa. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne kaɗaici da neman ƙawa da fushin yarinyar da manya ba sa saurara. Kalmomin da ake furtawa a ciki ƙagaggu ne, marubucin ne ya lanƙwasa su daga Latin. Yarinyar Tudun Wada in ta rufe littafin ba ta da inda za ta je ta ga makarantar nan, ba kuma wanda za ta nuna a unguwa ta ce ga ɗaya daga cikinsu.

Wannan ba wanke su ba ne. Malamin da ya ce sihiri ba abin wasa ba ne yana kan hujja, domin yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abu biyu ya kamata a duba a na Turawan. Wasu suna cusa duba na gaske, irin na kati da na taurari, wanda mutane ke yi a zahiri har suna karɓar kuɗi a intanet, kuma yaro zai iya bin sawu ya je ya same shi. Wasu kuma an lulluɓe su da bangon littafin yara, ciki kuwa akwai shimfiɗar manya. Duk biyun ana gane su cikin rabin sa'a: a karanta babin farko, a tsallaka tsakiya a karanta babi biyu, sannan ukun ƙarshe. Wanda ba ya jin Turanci ya ba yayarta ko malaminta.

Abin da ya sa Turawa ke iya wasa da mayya shi ne sun daɗe da gama kashe ta. Daga ƙarni na 15 zuwa na 18, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai da sunan maita, mafi yawansu mata. Shari'ar mayu ta garin Salem ta 1692 a Amurka ta faro ne daga 'yan mata biyu, 'yar shekara 9 da 'yar 11, da suka riƙa faɗuwa suna fisge-fisge. Aka matsa musu su faɗi wanda ya kama su. Ukun farko da suka ambata, ɗaya baiwa ce, ɗaya mai bara ce, ɗaya kuma mara lafiya ce da ta daina zuwa coci. Kotu ta karɓi "na gan ta a mafarki tana shaƙe ni" a matsayin shaida, aka rataye mutum 19. A 1735 Ingila ta sauya doka, ta daina hukunta mutum a kan shi maye ne, ta koma hukunta mai iƙirarin yana da wannan ƙarfi. Shekara kusan 300 ke nan. A wurinsu yanzu mayya kayan kwalliyar biki ce.

Mu kuwa ba mu gama ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda abin ke tafiya, daki-daki. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya kama jijjiga. A turara masa hayaƙi, mata su cika ɗakin. Wata ta sunkuya a kansa tana cewa, "Wa kaka gani? Faɗi, kak ka ji tsoro." In ya yi shiru a taimaka masa: "Ba Inna wance ta ba?" Yaron da zafi ya ruɗa zai kira sunan fuskar da ya saba gani, ko wadda ya sha jin manya na raɗa a kanta. Kafin a ce kwabo samari sun cika ƙofar tsohuwar. A jawo ta a ce ta saki kurwarsa, ta tsallake shi, wani wurin har a tuɓe ta a gaban 'ya'yan cikinta.

A lura da yadda aka gina tarkon. In ta ƙi tsallakewa, an ce ta ƙi saki. In ta tsallake, an ce ta amsa laifi. In yaron ya farfaɗo, ga shaida. In ya mutu, an ce ta riga ta cinye. Babu sakamako ko ɗaya da zai wanke ta. Kuma abin ba ya tsayawa a kanta, tunda an ce a nono ake shan maita. Bayan shekara 20, idan dangin wani saurayi suka zo binciken aure, wani zai ja su gefe ya ce gidan nan akwai ƙanƙara, jikarta da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru ita za ta rasa miji.

To wannan tsarin, da matakansa a jere, shi ne ƙashin bayan da yawa daga cikin labaran mayu da ake rubutawa da Hausa yanzu. Mayyar labarin ba a wata duniya take ba, a zauren da ke kallon naku take. Tsohuwa ce, mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun mutu ko sun watse. Idonta ja ne. Tana yawan shigowa neman wuta ko gishiri, tana yabon jariri, tana miƙa wa yara ƙuli-ƙuli. An gan ta da tsakar dare a waje tana magana ita kaɗai. Jarumar ta yi mafarki da ita, mafarkin ya tabbata. Wanda duk ya ce a kai mara lafiya asibiti, marubucin zai mayar da shi wawa ko ɗan boko mai taurin kai, likita kuma ya duba ya ce "ba mu ga komai ba". A babin ƙarshe a yi mata dukan kawo wuƙa, ta amayar da ƙanƙara, ta lissafa waɗanda ta ci, unguwa ta samu lafiya.

Kowace alama a jerin nan tana da bayani a fili. Matar da ta shekara 50 tana hura icce a madafi, dole idonta ya yi ja. Mai yawan neman gishiri talauci ne ya fito da ita. Fita da dare da surutai da rashin gane hanyar gida alamomin ruɗewar tsufa ne, ciwon ƙwaƙwalwa da ke kama tsofaffi a ko'ina a duniya, kuma mai irin wannan ciwo in aka tsare ta da tsawa za ta iya amsa duk abin da aka ce ta yi. Mutuwar 'ya'ya kuwa, a jihar da mace-macen ƙananan yara ke da yawa, ba ta bambanta ta da maƙwabtanta ba sai da yawan baƙin ciki. A Zamfara ta yau akwai ƙarin wani abu: 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, tsofaffin mata da zawarawa sun cika kangwaye a Gusau da Anka da sauran garuruwa, baƙi ne, ba wanda ya san asalinsu, ba ɗa namiji da zai tsaya musu a ƙofa. Littafin da ya zana mayya da waɗannan kamanni ya miƙa wa yaro ɗan shekara 14 hoton wadda zai nuna.

Sai ɓangaren ciwon, wanda nan ne rai ke salwanta. Jijjigar da zafin jiki ke kawo wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 yawanci takan tsaya da kanta cikin 'yan mintoci. Zazzaɓin cizon sauro kuma hawa da sauka yake, ya yi zafi, a yi gumi, jiki ya yi sanyi, ya sake dawowa. Lokacin da za a ɗauka a tara mutane, a jawo tsohuwa, a yi ta ja-in-ja, ya isa jijjigar ta lafa. Sai kowa ya ce ga shi da ta tsallake ya buɗe ido. Idan kuwa zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da yaron ke buƙata shi ne gwajin jini na tsinke, wanda ba ya wuce minti 15 zuwa 20, da allurar atesunet ba tare da ɓata lokaci ba. Awannin da aka ƙone a ƙofar tsohuwa su ne awannin da ake ceto da su. Ba ƙaramin ciwo ba ne a yankinmu: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a Najeriya, shi ya sa ma da aka fara rigakafinta a Disambar 2024 aka soma da Kebbi da Bayelsa. Sanƙarau kuma, wanda ya yi ɓarna a Zamfara a 2017 har ya ci fiye da mutum 1,000 a faɗin ƙasa, yana zuwa da ruɗewa da sandarewar wuya, yana iya kashewa cikin kwana ɗaya.

Babu darasin da ya kai na 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara suka riƙa amai da ciwon ciki da jijjiga suna mutuwa, gida bayan gida, har aka rasa aƙalla 400. In da marubucin labaran mayu aka ba wannan, ya samu duk kayan aikinsa: mutuwa a jere, yara zalla, maganin zazzaɓi ya ƙi ci. Amma da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga abin aka auna jini da ƙasa, sai ga gubar dalma. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Maganin shi ne kwashe ƙasar saman gidajen, a zuba sabuwa, a ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega sai 2013 aka samu yi mata wannan aiki. Mai kisan yana cikin turɓaya, kuma da za a jera duk tsofaffin ƙauyukan nan su yi ta tsallake yara, ko ɗaya ba zai tashi ba.

Wani zai ce ai maita gaskiya ce, kambun baka gaskiya ne, ka ƙaryata? Ba sai an shiga wannan muhawara ba. Ko wanda ya fi kowa yarda da ita ya san ƙa'idar shari'a: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Sambatun mai zazzaɓi ba shaida ba ne a gaban kowane alƙali, mafarki ma haka. Suratul Hujurat ta ce a yi bincike in an zo da labari, ta ce a nisanci yawan zato. Dokar Penal Code da aka yi wa Arewa a 1959, a sashe na 216, ta haɗa mai iƙirarin shi maye ne da mai zargin wani da maita, ta tanadar musu ɗaurin da zai iya kai shekara 2. A Yulin 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane da sunan wannan zargi. Abin mamaki, littafin da ke tutiya da addini a kowane shafi shi ne ke koya wa yara yanke hukunci da mafarki.

Me ke kai marubutanmu ga haka? Ba mugunta ba ce, tsarin kasuwar ne. Ana sakin shafuka kyauta, in labari ya ɗauki zafi a ce saura sai an biya. Don haka kowane shafi sai ya ƙare da abin da zai hana barci, kuma babu mai arha kamar a ce mugun yana cikin gida: kishiyar uwa, uwar miji, tsohuwa mai daddawa. Masu karatu na turo sharhi kullum suna cewa a tona mata asiri, a wulaƙanta ta, marubuciyar kuma tana rubuta na gobe ne da daren yau, ba edita, ba mai cewa dakata. Mafi muni shi ne layin nan da ake sawa a farko, wai labarin nan da gaske ya faru, sunaye kawai aka canja. Kakanninmu sun fi mu dabara a nan. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, "ga ta nan ga ta nanku", tana da ta fita, "ƙurunƙus", har mai bayarwa ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ya ji Dodo ya haɗiye gari guda, ya yi barcinsa, don an gaya masa inda labari ya tsaya.

Hanawa ba za ta yi ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a, rubutun bai mutu ba, daga baya ma ya koma cikin waya inda ba wanda ke ganinsa. Kuma labarin al'ajabi ba baƙo ba ne a adabinmu, Ganɗoki da aka buga a 1934 cike yake da aljanu, an kuma karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Yara za su nemi abin tsoro ko an so ko an ƙi. Gyaran yana hannun masu rubutu, da iyayen da za su tambayi yarinya, bayan ta gama, yadda aka yi aka gane mayyar, da ko wannan hanyar za ta iya kama Gwaggo ko Kaka.

Ga mai son rubuta irin wannan labari ba tare da ya ɗora wa wata wuƙa a wuya ba, aikin a wurin alamomi yake. Duk abin da zai bambanta mai ƙarfin sihiri da sauran mutane ya zama ƙagagge, wanda ba a samu a jikin kowa a zahiri: inuwar da ke tafiya gaba da rana, ko sawun da ba ya fita a rairayi. Jan ido da talauci da tsufa da rashin haihuwa a bar su. Mafarki da sambatu in sun shigo, su yi kuskure aƙalla sau ɗaya, mai karatu ya ga an nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Mugun labari ya zama mai iko, wanda taɓa shi ke da tsada, domin jarumtar da aka yi a kan tsohuwa mai sanda ba jarumta ba ce, kuma labarin ma ya fi daɗi in abokin gaba ya fi ƙarfin jaruma. A nesanta wuri da zamani. Muna da kaya jibge da ba a taɓa ba: Dutsen Kwatarkwashi da abin da ake faɗa a kan iskokinsa, Sarauniya 'Yargoje da dajin Kuyambana, ganuwar Surame ta Kanta, Sarkin Ruwa da kadojin Matan Fada a Argungu. Marubucin Ingila da ya samu rabin wannan, jerin littafi bakwai zai fitar.

Akwai kuma labarin da na fi son a ce wata 'yar Zamfara ta rubuta, wanda jarumarsa jikar wadda aka zarga ce. Shekararta 16, suna gudun hijira a wani kango a Gusau, yaron masu gidan da ke kusa ya kwanta, ya kira sunan kakarta. Tana da kwana biyu ta gano abin da ke kashe yaran layin kafin a dawo musu da fetur. Ana iya sa aljani a ciki, ana iya sa tsohon sirrin gidansu, ba abin da zai hana. Babin da zai fi ba da wuya shi ne wanda yaron ya buɗe ido daidai lokacin da aka tilasta wa tsohuwar ta tsallake shi, domin a nan marubuciyar za ta nuna wa mai karatu gumin da ya riga ya fara tsattsafowa a goshin yaron tun kafin a shigo da ita, ba tare da ta sa wa kowa lacca a baki ba.